Farautar ɓarawon wuta a cikin motata

Asabar, 8 ga Yuni, 2024

Yau ma ta ƙi tashi. Na murɗa makulli, sai ƙas-ƙas-ƙas daga wajen kik, fitilun dashbod suka lumshe kamar idon mai gyangyaɗi, shi ke nan. Karo na huɗu ke nan tun farkon Mayu. Da ta hannu ce da yaran layinmu sun tura ta, to otomatik ce, ko duk Agege za ta taru a bayanta ba za ta kama ba. Rabona da ita tun daren Talata. Jiya ma a ƙafa na je masallaci, saboda ruwan da aka kwana ana yi ya mai da layinmu kogi. Sai da na jira maƙwabcina mai bas ya fito muka jona waya da batirinsa.

Camry ce ƙirar 2008, tokumbo, shekararta uku a hannuna. Tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, na koma shiga danfo zuwa shagona a Ikeja, ita kuma sai Juma'a da ƙarshen mako. Motar da ake tuƙawa kullum tana iya ɓoye ciwonta shekara da shekaru, domin abin da aka sace mata da dare altaneta, wato abin da ke cajin batir in inji na aiki, na biyanta da rana. Sai an ajiye ta asiri ke tonuwa.

Bayan mutuwa ta biyu na yi abin da kowa ke yi: na sayi sabon batir mai amfiya 75, na ba da tsohon aka rage mini kuɗi. Kwana tara ya yi, shi ma ya kwanta.

Kowa da fatawarsa. Mai bas ya ce altaneta. Ƙanena ya ce, "Yaya, jabu aka sayar maka." Mai shayin bakin layi ya ce in riƙa cire kan batir kowane dare, haka Alhajin da yake yi wa direba a da yake yi. Uwargida ba ta ce komai ba, amma kallon da ta yi wa motar ya isa jawabi.

Abin kunyar shi ne, shekarata goma sha biyu ina gyaran wayar hannu. In aka kawo mini waya aka ce tana shanye caji ko a kashe take, ba na fara da canza batir. Jona ta nake yi da na'ura in ga nawa take ja. Mita, wato na'urar auna wuta, tana cikin jakata kullum, amma da abin ya zo kan motata sai na bi yarima na sha kiɗa. Daga yau ba na ƙara sayen ko noti sai na auna, kuma duk abin da na auna zan rubuta a nan da kwanan wata.

Lahadi, 9 ga Yuni

Batir ya kwana wajen mai caji. Ban auna shi nan take ba, domin wanda ya sauko daga caji yanzu yakan nuna fiye da abin da ke cikinsa. Na bar shi har bayan La'asar: bolt 12.6. Cikakke ke nan. In ya nuna 12.4 kusan kashi uku cikin huɗu ne ya rage, 12.2 rabi ne, in ya gangara ƙasa da 12 kuwa sai addu'a. Mutane na jin "batir mai bolt 12" sai su ɗauka in mita ta nuna 12 lafiya lau ne, alhali a nan ya kusa ƙarewa.

Na ɗaura shi, na tayar: 14.1 a kan batir. Na kunna AC da manyan fitilu da abin share gilashi, ya sauka 13.8 ya tsaya. Altaneta na caji yadda ya kamata. Na faɗa wa mai bas, ya ce to Allah ya sa.

Sai na ɗauko sufana mai lamba 10 na kwance baƙin kai, wato mai alamar ragewa, na ture wayar gefe. Zan bar batirin shi kaɗai kwana uku, ba abin da ke haɗe da shi. In ya zube da kansa, ƙanena ya yi gaskiya. In ya riƙe, ɓarawon yana cikin gida.

Laraba, 12 ga Yuni

Hutun Ranar Dimokuraɗiyya, ba shago, gari kuma ya yi rana tun Litinin. Batir: 12.55. Bai zubar da komai ba. Jabu dai ba jabu ba ne.

Yanzu sai ainihin aikin. Dabarar ita ce a sa mita a tsakiyar hanya, tsinke ɗaya a kan batir, ɗayan a jikin wayar da aka cire, ta yadda duk wutar da motar za ta sha sai ta ratsa ta cikin mitar. Kamar mai karɓar haraji a ƙofar kasuwa ne, ba mai wucewa bai ƙirga shi ba.

Na fara da ɓarna. Na bar tsinken a ramin da nake amfani da shi a shago, wanda ba ya ɗaukar fiye da miliamfiya 200. Ina taɓawa na ji "tas", fis ɗin cikin mitar ya tafi. Na manta cewa da zarar an mayar wa mota wuta duk ƙananan kwamfutocinta farkawa suke yi a tare, su ja abin da ya fi amfiya guda. Allah ya taimake ni ina da wani fis a jaka. Na koma ramin amfiya 10, inda ya kamata in fara tun farko. Kuma duk wanda zai gwada wannan, kada ya kuskura ya murɗa makulli mita na tsakiya. Kik na jan sama da amfiya 100, mitar da wayoyinta toyewa za su yi a hannunsa.

Na cire makulli na kai cikin gida, na rufe ƙofofi, na bar bonet a buɗe. Ƙofar direba kawai na bari a buɗe saboda akwatin fis na ƙarƙashin sitiyari, na danne ɗan makunnin jikin ƙofar da guntun katako da robar tayar keke, don motar ta ɗauka a rufe take.

Da farko amfiya 1.7. Bayan 'yan daƙiƙu 0.6. Na jawo benci na zauna. Motocin zamanin nan ba sa barci nan take, kamar yaro ne da aka kwantar, sai ya gama juye-juyensa. Wasu minti goma, wasu har fiye da rabin awa. Na ba ta minti arba'in cur, na sha shayi kofi biyu. Inda ta tsaya: 0.21.

Miliamfiya 210 ke nan. Motar da ke da lafiya, agogonta da ƙwaƙwalwar inji da abin da ke sauraron rimot duk a haɗe bai kamata su wuce 50 ba. Tawa ta ninka haka sau huɗu. Akwai ɓarawo.

Sai dai wani abu ya tsaya mini a rai. Na yi lissafi a bayan katin caji: 0.21 sau awa 24 ya ba da kusan 5 a yini. Batir mai 75, a takarda, yana iya ba da amfiya ɗaya na tsawon awa 75. Kwana uku da rabi na wannan satar bai kai 18 ba, ko kashi ɗaya cikin huɗu bai cika ba. Wannan zai raunana batir, amma ya kwantar da shi har kik ya kasa juyawa? Na ce wa kaina wataƙila don ba ya samun cikakken caji ne, tunda daga Agege zuwa Ikeja ba wata tafiya ba ce. Na karɓi wannan uzurin don ina son in karɓa.

Alhamis, 13 ga Yuni

Na dawo da wuri. Na ɗauki hoton akwatunan fis biyu, na cikin bonet da na ciki, kafin in taɓa komai, domin na taɓa ganin wanda ya zare goma a lokaci guda ya rasa gidan kowanne. Launinsu na taimakawa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30.

Ƙanena na riƙe da mita yana karantawa, ni ina zarewa ɗaya-ɗaya. Aiki ne mai cin rai, don wani fis ɗin in ka mayar da shi sai wata kwamfuta ta farka, lamba ta yi tsalle, sai an sake jira ta kwanta. Mun ci kusan awa guda. Da na zo kan wani shuɗi a akwatin bonet, wanda aka rubuta RADIO NO.1 a murfinsa, ina zarewa yaron ya ɗaga murya: "Yaya, ta faɗi! Sifili da ɗigo sifili uku!"

Rediyo. A watan Fabrairu na cire na asali na sa mai allo irin na Android, wani yaro a bakin titi ya ɗaura mini. Har yanzu ina tuna yadda ya yi mini tallar aikinsa: "Oga, wannan ko ba makulli za ka ji waƙarka." Ni kuwa na ji daɗi, har ina nuna wa mutane. Yara kan shiga su zauna su kalli bidiyo mota a kashe.

Na ɓalle fuskar dashbod na jawo shi. Bayan kowane irin wannan rediyo akwai wayoyin wuta guda biyu. Rawaya tana samun wuta dare da rana, aikinta riƙe agogo da tashoshin da aka adana, abin da take ci kaɗan ne ƙwarai. Ja kuma ba ta samun wuta sai an murɗa makulli, ita ce ke ce wa rediyo tashi ko kwanta. Abokin namu ya murɗe su biyun wuri guda, ya jona da mai wuta kullum, ya naɗe da baƙin salatif wanda zafi ya riga ya narkar ya zama danƙo. Wato tun Fabrairu rediyon bai taɓa barci ba. In na danna maɓalli allo ne kawai ke yin duhu, cikinsa na nan a farke.

Na nemo wayar makulli da mita, na raba su, na like da dalma kamar yadda nake yi a shago. Bayan minti arba'in: 0.03. Na yi hamdala. Na ce wa uwargida an kama ɓarawo, ta ce, "Allah ya sa shi kaɗai ne."

Litinin, 17 ga Yuni

Barkanmu da Sallah. Jiya ta kai mu Idi ta dawo da mu, bugu ɗaya take tashi. Yau an sauke naman layya, na cika but da rabon 'yan uwa, na zaga Idi-Araba da Mile 12. Mai bas ya tafi gida Sallah da iyalinsa tun ranar Juma'a, ya ce in riƙa sa motar a rumfar kwanonsa kafin ya dawo.

Juma'a, 21 ga Yuni

Kwana huɗu a ajiye. Bolt 12.5. Ta tashi. Ina ganin wannan ne rubutu na ƙarshe.

Juma'a, 28 ga Yuni

Murna ta koma ciki.

Na fito da shirin masallaci, babbar riga da turare, ko ƙas ɗin ma yau da kyar ta yi. Bolt 11.4. Rabona da ita tun Lahadi, ranar da mai bas ya dawo na mayar da ita gurbinta a bakin gida. Sati ne na ruwa, kusan kullum sai an yi, sai jiya da yau ne rana ta leƙo.

Na aro batir na ɗaura, na sa mita a tsakiya, na jira minti arba'in ina zufa a cikin shadda: 0.03. Lafiya ƙalau, wai. Ɓarawon ya ci ya goge baki, ya zauna cikin jama'a yana taya ni jaje.

A shago irin wannan ce wayar da muka fi tsoro, wadda ke lalacewa a gidan mai ita, in ta zo kan teburinka ta yi lafiya. Ga kuma lissafin ranar 12 ga wata da na share, ya dawo yana kallona. Mai shayi ya ce a gaskiya abin nan ya fara kama da hannu, ko in nemi a tofa mata. Na ce tofi ba ya ɓaci, amma bari in ga Baba tukuna.

Asabar, 29 ga Yuni

Baba mai wayarin ya haura saba'in. A nan Agege aka haife shi, kakansa fataucin goro ne ya kawo shi Ikko, in yana yi wa yaransa faɗa da Yarabanci ba ka ce Bahaushe ne ba. Da Fijo 504 ya koyi aiki, irin waɗanda ake haɗawa a Kaduna a da. Har yau kayan gwajinsa ƙwan fitila ne da waya biyu: ya sa tsakanin batir da wayar da ya cire, in ƙwan ya kama akwai sata. A tsofaffin motoci wannan ya wadatar. A na yanzu ƙwan kan kama ko ba laifi, saboda kwamfutocin da ke farkawa, kuma ba ya faɗa maka nawa ne. Da na fito da mitata ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, taka ta fi tawa ido, tawa ta fi taka shekaru."

Shi ma altaneta ya fara zargi, amma ba irin zargin mai bas ba. Ya ce tana iya yin caji da rana ta yi sata da dare. A cikinta akwai diyod aƙalla shida, ƙofofi ne masu buɗewa ta gefe guda, wuta ta fita zuwa batir kada ta dawo. In ɗaya ta lalace sai wuta ta riƙa komawa ta baya in an kashe inji, kuma ko ka zare ƙananan fis duka ba za ka gani ba, don ba ta cikinsu take bi ba. Mun gwada ta hanya biyu. Inji na aiki na juya mita zuwa AC a kan batir, ta nuna 0.04, wanda ba komai ba ne; diyod da ta mutu takan sa lambar ta yi sama sosai. Sannan muka cire kan batir, muka kwance kaurin wayar bayan altaneta muka naɗe bakinta, muka sake aunawa: 0.03, kamar da.

Wani yaronsa ya matso ya ce a dai canza ta, akwai mai kyau a Ladipo, kasuwar kayan mota. Baba ko kallonsa bai yi ba. Ya ce ranar da ɓarawo bai fito ba, ko gidan wa ka bincika ba ka samun kaya.

Ya zauna a kan tsohuwar taya ya ce, "Wannan littafin da kake ta dubawa, me ke ciki?" Na karanta masa daga farko. Bai katse ni ba sai da na zo wajen rumfar mai bas. Ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Kwanakin da ta yi lafiya, a ina take kwana?"

"A ƙarƙashin kwano, Baba."

"Da ta mutu fa?"

Na yi shiru. Gab da 8 ga wata, an kwana ana ruwa. Satin nan, ruwa. Ranakun da na auna na ga lafiya, duk rana ta riga ta gasa ta. Ni na rubuta abin da hannuna, amma sai da wani ya ji shi da kunne ya gane.

"Ɓarawonka ɗan damina ne," in ji Baba. "Ka je ka jira ruwa. Ranar da aka yi, kada ka tayar da ita, kada ka jira rana ta fito. A jiƙe za ka kama shi." Ya ƙi karɓar ko sisi, sai goro na saya masa.

Laraba, 3 ga Yuli

Na roƙi ruwa, an ba ni har da ƙari. Tun kafin Asuba ake zuba shi babu ƙaƙƙautawa. Hotunan da ke yawo a waya sun nuna Iyana Oworo ta cika, motoci sun nutse har gilashi a hanyar hawa gadar Third Mainland. Ba mai zuwa shago yau.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka fita, ƙanena riƙe da babbar lemar mai shayi a kan bonet, ni da mita a cikin leda, ruwa har idon sawu. Wannan karon ban yarda na yanke wa motar wuta ba ko na daƙiƙa ɗaya, don kada abin da ya maƙale ya saki. Na sassauta kan batir, na manna tsinke ɗaya a gindin sandar, ɗaya a jikin wayar, sannan na ɗaga ta a hankali, wuta ta koma bi ta mita ba tare da motar ta sani ba.

0.37.

Na ce wa yaron kada ya motsa. Ban zare fis ko ɗaya ba. Akwai dabarar da ta fi wannan, irin wadda muke yi a kan allon waya. Kowane fis yana da 'yan ƙarafa biyu tsirara a bayansa. In wuta na ratsa shi, akwai ɗan bambanci ƙanƙane tsakanin ƙarafan nan biyu, wanda mita ke gani in an sa ta a milibolt. Wanda ba a jan komai ta cikinsa sifili zai nuna. Na mayar da kan batir na bi su ɗaya bayan ɗaya. Sifili, sifili, sifili. Sai wani ja mai lamba 10: milibolt 2.6. A irin wannan fis ɗin, wannan na nufin wajen amfiya 0.35. Na duba murfi: DOME.

Layin fitilun cikin mota ke nan. Muka leƙa ta gilashi, ta rufi a kashe, na ƙofofi a kashe, na madubin gaba a rufe. Saura guda ɗaya wadda ba mai iya ganinta in an rufe, kamar ta cikin firij.

Ƙanena ya ce a sa autanmu a but a rufe ya faɗa mana. Uwargida daga taga ta ce in ya fasa bai cika ƙanen mijinta ba. Wasa yake yi, amma ko da wasa ba a rufe yaro a but. Na kunna bidiyo a wayata, na kwantar da ita a ciki tana kallon sama, na rufe, muka ƙirga talatin.

Mun kalli bidiyon nan ya fi sau biyar a zaure. Ana ganin hannuna, ana ganin murfi na saukowa, ana jin "gam". Sai fitilar ta ɗan yi ƙyaf kamar za ta mutu, ta dawo, ja-ja, ta ci gaba da ci abinta a cikin duhu. Ana zaton wuta a maƙera, ga ta a masaƙa.

Na zare ƙwan, ɗan mitsitsi mai wat 5, da zafinsa har ya ƙona mini yatsa, murfin robarsa ya yi launin toka-toka saboda daɗewa yana gasuwa. Mita ta koma 0.03. Wat 5 a kan bolt 12 kusan amfiya 0.4 ne in yana ci sosai. Na sake lissafi: shi kaɗai yana cin fiye da 8 a yini, kwana biyar sun haura 40. A watan Mayu kuwa su biyu ne ke aiki tare da rediyo, wajen 13 a yini. Yanzu lissafi ya zauna daram, ba sai na yi masa uzuri ba.

Na ɗaga kafet. Ramin safaya taya cike da ruwa, jak ya yi tsatsa. Robar bakin but ta yage wajen tsawon taƙi guda, daidai saman sakata. Na san ranar: cikin Afrilu, da muka ɗauko janareta, ƙafarsa ta kama wajen muka ja da ƙarfi.

Asabar, 6 ga Yuli

Na kwance sakatar na kai wa Baba. Makunnin fitilar a cikinta yake. Da ya buɗe, ciki duk kore ne da laka. Ya ce in ta bushe wannan ƙura ce kawai, in ta jiƙe kuwa gada ce, wuta ta bi ta kanta ta wuce kamar but a buɗe yake. Ya ce ana iya wankewa, amma ƙarfen ya riga ya cinye, damina mai zuwa zan dawo.

Na wuce Ladipo. Tun daga bakin hanya 'yan kamasho suka yi mini caa, "Alhaji, me kake nema?", kowa na jan hannun rigata. Na bi layin kayan bodi da tsohuwar a hannu. Mai shagon farko ya miƙo mini wata yana rantsuwa daga jirgi aka sauke ta. Na fito da mita na sa ta a wajen ƙara, na taɓa bakin wayoyin, na danna harshen sakatar da sukundireba. A buɗe ta yi ƙara, a rufe ma ta yi ƙara. Irin ciwon tawa sak. Ya dube ni ya dubi mitar, ya shiga ciki ya fito da wata. Wannan a buɗe ƙara, a rufe shiru, sau goma ina gwadawa. Ita na biya. Na haɗa da robar but cikakkiya, na matsa ta ko'ina na tabbatar ba ta bushe ba.

Lahadi, 7 ga Yuli

Na ɗaura duka. Na zare toshiyar ƙasan ramin taya ruwa ya tsiyaye, na shanya kafet a kan katanga. Kan batir ya tara farin gari saboda yawan cirewa da mayarwa, na jiƙa kanwa a ruwan ɗumi na zuba, ta yi kumfa ta cinye shi, na goge na shafa giris.

Yara suka yi ta kwara bokiti a kan but har shida, waya na ciki tana ɗauka. Duhu ƙirin daga farko har ƙarshe, kuma ko ɗigo bai shiga ba.

Abin da ya rage shi ne batirin. Irin wannan ba a yi shi don a riƙa zuƙe shi har ƙasa ba. Duk kwanciyar da ya yi, wani farin gishiri na daskarewa a farantansa, ba duka ke narkewa da caji ba. Nawa ya kwanta sau uku. Na sa mita ƙanena ya tayar, a lokacin bugu ya sauka zuwa 10.1. Muddin bai gangara ƙasa da 9.6 ba ana tafiya da shi. Wanda ke ci mini rai shi ne tsohon da na bayar a kan kuɗi kaɗan, wanda mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau, yana can cikin motar wani.

Asabar, 13 ga Yuli

Kwana shida a bakin gida, ba rumfa, an yi ruwa Talata da daren Alhamis. Da gangan na je Juma'a a ƙafa don kada in ɓata gwajin. Bolt 12.4. Abin da take ja a kwance: 0.03. Bugu ɗaya ta tashi.

Yara na ƙorafin rediyo ba ya kamawa sai da makulli. Mai bas ya ce tasa ma ta fara nauyin tashi da safe, na ce ya kawo ta gobe bayan Azahar, kuma kada ya sayi komai kafin nan.